Dutsen da Baba Ya Ce Yana Kiɗa

Tashi daga Funtuwa

Ana idar da sallar asuba na iske Baba zaune a kan dakalin ƙofar gida, ya sa babbar rigarsa ta zuwa Juma'a, sanda a gefe, hula ta zauna daram. Tsakiyar marka ce, garin ya kwana yana yayyafi, amma ko a jikinsa. Can sai ga Yaya Lawal ya iso da motarsa yana hamma, fuskar nan a murtuke, ka rantse da igiya aka jawo shi.

Mu uku ne a tafiyar. Ni Hajara, ɗinki nake yi a cikin garin Funtuwa, kuma sunan mahaifiyar Baba gare ni, shi ya sa Uwata yake kirana. Yaya Lawal shi ne ɗan fari, yana sayar da hatsi, yana kuma kiwon raguna. Tunda na yi wayo ban taɓa jin Baba ya ambaci sunansa ba, saboda kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. In zai aike shi, sai dai ya gaya wa wani ya gaya masa, ko da kuwa suna zaune a tabarma ɗaya. A wannan tafiya sai ya raɗa masa sabon suna tun kafin a tayar da mota.

"Uwata, gaya ma direban nan ya matso da motar, ba ni taka taɓo da rigar nan."

Bari in faɗi abin da ya fitar da mu. Tun bayan rasuwar Inna, mahaifiyarmu, Baba ya fara kawo wasu labarai da ba mu taɓa ji a bakinsa ba. Wai lokacin da yake saurayi yana kora jakunan kawunsa da auduga daga ƙauyukan Gozaki, akwai wata kuka da wanzami ke aski a cikin cikinta. Wai kuma akwai wani dutse da in an buga shi yana kiɗa. A daidai lokacin nan ne mantuwa ta fara kama shi, har ya kira jikansa da sunan ƙanensa da ya daɗe da rasuwa. Sai Yaya ya tara mu a zaure ya ce in kaka ta yi, a karɓi mabuɗin sito daga hannun Baba, tunda shi ke yanke abin da za a sayar da abin da za a bari na ci. Ya ce mutumin da ya fara cewa dutse na kiɗa, gobe sai ya buɗe wa ɓarawo sito ya ce masa bismilla.

Ashe Baba yana bayan ƙofa, ya ji komai. Daga ranar ya daina ba da labari. Jikoki su zo su kewaye shi da yamma, sai ya ce musu ya manta. Wannan abu ya ƙona mini rai ƙwarai, ni kuwa ba na iya haɗiye magana. Na samu Yaya na ce masa ya ɗauke mu a mota mu je mu gani. In babu dutsen, ni da bakina zan roƙi Baba mabuɗin. In kuwa akwai, kada in sake jin zancen. Ya ce ya yarda, yana dariyar wanda ya riga ya ci.

Muna fita gari dutsen Funtuwa ya bayyana, hazon ruwa ya rufe masa kai. Baba ya nuna shi da sanda, saura kaɗan ya tsokane wa Yaya ido, ya ce da can in suka hango shi daga nesa sai su san wahala ta ƙare, har jakuna ma ƙara sauri suke yi. Da muka wuce tsohon gidan gurzar auduga ya bi shi da kallo har ya ɓace. Ni dai na lura hannunsa na cikin aljihu, inda mabuɗin yake ɗaure da wani tsohon zare.

Bakori da kukar wanzami

Kafin mu shiga Bakori muka tarar da shingen jami'an tsaro. Wani dogo ya leƙo, ya ga tsoho cikin babbar riga, sai ya rusuna.

"Baba, ina zuwa da sassafe haka?"

"Za mu jin kiɗa," in ji Baba.

"To! Biki ake yi?"

"An yi shi tun ba a haihe ka ba."

Jami'in ya kwashe da dariya ya ɗaga mana hannu. Yaya kuwa ya dafe goshi yana cewa, "Kin ji ko, Hajo? Kin dai ji da kunnenki."

A Bakori muka karya da koko da ƙosai a bakin tasha. Mai ƙosan ta cika mana takarda har da gyara, don Baba ya ce mata rabonsa da ƙosai mai daɗin wannan tun zamanin da ake suya da man gyaɗa zalla. Na san daɗin baki ne, domin jiya-jiya ya gaya mini haka a kan nawa. Yaya ya ci ya fi kowa, yana ci yana kukan tsadar man mota.

Mun ɗan taɓa tafiya kaɗan bayan gari sai Baba ya buga sanda a ƙasan mota. "Uwata, ya tsaya! Ga ta nan." A hannun hagu, ɗan nesa da kwalta, wata ƙatuwar kuka ce tsaye, da tsofaffin tayoyi jingine a gindinta. Da muka matsa sai ga kogo mai baki kamar ƙofar ɗaki, kuma a cikinsa wani mai faci ya girke injin ba taya iska, da bencinsa, da butarsa, har da ɗan labulen buhu. Ni da na tsaya a ciki na miƙa hannu sama ban taɓo komai ba. Sanyi ne a ciki mai daɗi, ga warin roba da na jemagu.

Mai facin, Malam Ado, ya tarbe mu da fara'a. Na tambaye shi ko ya taɓa jin an yi wanzami a nan. Ya ce, "Wallahi Hajiya, ni daga hannun wani mai shayi na gaji wurin, shi kuma ban san wa ya gada ba."

Baba bai saurare shi ba. Ya shiga ciki yana shafa jikin kukar da tafin hannu, ya yi sama, ya yi gefe, har ya tsaya a kan wani guntun ƙarfe da ɓawo ya kusa haɗiyewa. Ya ce a nan wanzamin ke rataye zabirarsa. Sannan ya ba mu labarin ranar da aka aske masa rabin kai sai ƙudan zuma suka sauko daga sama, wanzami ya yi gabas, shi ya yi yamma, ya shiga Funtuwa da rabin suma. Malam Ado ya yi dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa murna ta cika ni, don rabon da in ji Baba ya ja labari haka an kwana biyu.

Da muka koma mota na ce, "To Yaya, ɗaya ke nan." Ya ce, "Ƙusa ce dai, Hajo. Kowa na iya kafa ƙusa a kuka. Ni dutse aka ce mini." Da ba a gaban Baba muke ba da ya ji abin da ke bakina.

Malumfashi, gidan Gwaggo

Baba ya yi ta mita cewa hanyar jakuna ba ta nan ta bi ba, ta cikin daji take yankewa. Yaya ya ce mini in gaya masa motarsa ba jaka ba ce, ta Malumfashi da Ƙafur za mu zagaya. Haka na zama tafinta tsakanin mutum biyu da ke jin Hausa sarai, suna zaune kafaɗa da kafaɗa. Gonaki kuwa sai hamdala: masara ta yi goyo, waken suya ya rufe ƙasa, dawa ta fi mutum tsawo. A wani ƙauye muka sayi gasasshiyar masara da dafaffiyar gyaɗa, Baba ya ce masarar ta yi masa tauri, ya cinye gyaɗar duka.

Muna shiga Malumfashi sama ta ɓalle da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Dole muka fake a gidan Gwaggo Talatu, ƙanwar Baba, wadda dama mun yi niyyar gaisarwa a tsaitsaye. Ruwan bai tsagaita ba sai bayan la'asar, kuma yanzu ba mai son yamma ta yi masa a hanyar ƙauye, don haka Gwaggo ta ce kwana ya kama mu. Ta tuƙa tuwon masara da miyar ɗanyar kuɓewa, ta yanka zakara, tana yi tana yi wa Yaya tsiya wai tumbinsa ya riga shi shigowa gida.

Ana cikin cin abinci, ana raha, sai Baba ya ɗaga kai ya ce, "Talatu, ina Malam Idi? Bai dawo daga kasuwa ba?"

Malam Idi mijin Gwaggo ne, kuma ya yi shekaru da rasuwa. Gwaggo ta ajiye ludayi a hankali ta ce wa Baba, "Yaya, ai kai ka yi masa salla." Baba ya dubi kwanonsa ya ce, "Haka ne. Allah ya jiƙan shi." Bai ƙara loma ba. Yaya Lawal ya dube ni, kuma wannan karon babu dariya a idonsa, tausayi ne da tsoro. Nan na gane ba mugunta ke damunsa ba. Ni ma na fara tunanin ko na jawo tsoho ne ya ji kunya a gaban 'ya'yansa.

Da muke wanke kwanuka na tambayi Gwaggo ko ta taɓa jin labarin dutsen. Ta ce ita tana ƙarama lokacin, ba ta san komai ba. "Uwarku ce 'yar wajen, ita za ta sani. Ga shi kuwa ta tahi, danginta ma duk sun watse daga can."

Ƙafur zuwa Gozaki

Washegari rana ta fito tas. Gwaggo ta cika mana mota da kuɓewa da yakuwa, ta ja kunnen Yaya a kan gudu, muka kama hanyar Ƙafur. Baba ya tashi da ƙarfinsa, har yana gyara mini sunayen ƙauyuka. Bayan Ƙafur hanya ta fara lalacewa, ramuka cike da ruwa, Yaya na kauce wa wannan yana faɗawa wancan, kowane rami sai ya yi salati ya ambaci abin da zai kashe a gareji.

Gozaki tsohon gari ne, kuma duk wanda ya bi ta wajen ya daure ya tsaya. Wani dattijo da muka gaisa da shi a bakin masallaci ya zagaya da mu ya nuna mana inda ragowar ganuwa take. Wanda bai sani ba zai ɗauka tudu ne kawai da ciyawa ta rufe, sai ka bi shi da ido ka ga yadda ya miƙe ya lanƙwasa, sannan ka gane hannun mutane ne ya tara wannan ƙasa. Awaki na kiwo a kai, an shuka masara har gindinsa. Na tsaya ina tunanin yawan mutanen da suka ɗauki ƙasa a ka kafin a yi wannan aiki, ni da ɗinkin riga ɗaya ke sa ni ciwon baya.

Amma da muka tambayi dattijon dutse mai kiɗa, sai ya girgiza kai. Ya ce duwatsu kam ga su nan birjik, amma bai san mai kiɗa ba. Muka tambayi masu shayi, muka tambayi wata mai fura da muka sha nono a wurinta, kowa sai ya yi murmushi ya dubi Baba irin kallon da ake yi wa tsoho. Baba ya ce a rabu da su, shi ya san hanya. A fita ta gabas, a haye wani rafi mai yashi, daga nan za a hango wata babbar itaciya mai inuwa, dutsen yana gindinta.

Cikin dawa

Muka fita ta gabas a kan wata hanyar ƙasa. Rafin muka fara samu, sai dai babu yashi ko ƙwaya, ruwa ne ja yana gudu a ƙarƙashin wata 'yar gada. Bayan gadar kuwa dawa ce hagu da dama, ta yi mana katanga, ba ka ganin komai sai sama da kawunan itatuwa. Muka nufi wata tsamiya, Baba ya ce ba ita ba ce. Muka je gindin wata ɗorawa, ya ce a'a. Wani mangwaro mai duhun ganye ma mun kutsa mun duba, babu ko tsakuwa. Muka yi gaba, muka dawo, muka sake komawa, har wani mai babur da ya wuce mu ya dawo ya tambaya ko mun yi ɓatan kai ne.

Na ce, "Baba, wace irin itaciya ce? Faɗi sunanta mu huta."

Ya buɗe baki, ya rufe. "Itaciyar nan dai... wadda... ai kin san ta, Uwata. Itaciyar nan." Ya shiga murza goshi da yatsa. Mutumin da ya yi noma tun yana yaro, sunan itaciya ya ɓace masa. Yaya ya kashe mota a gefen hanya, ba ka jin komai sai ganyen dawa na kaɗawa.

Can Baba ya sa hannu a aljihu ya fito da mabuɗin, ya ɗora shi a cinyarsa. Ya ce, "Mu koma gida, Uwata. Halan mafarki na yi. Miƙa mashi." Hawaye suka cika mini ido, na ji haushin kaina, na ji haushin Yaya, na ji haushin dawar ma.

Yaya bai miƙa hannu ba. Sai ya juyo ya fuskanci Baba kai tsaye, abin da ba kasafai yake yi ba.

"Baba, da wane lokaci kuke bin hanyar nan?"

Baba ya amsa yana kallon taga. "Da rani mana. Wa ke kai auduga da damina?"

"Kuma da ranin take da inuwa?"

"Inuwa lumshi. Jakuna ba su son tashi, suna ta cin 'ya'yanta."

Yaya ya daki sitiyari har hon ya yi ƙara. "Gawo ne! Baba, gawo kake nufi!"

"Gawo!" in ji Baba, da ƙarfi, kamar an cire masa ƙaya a maƙogwaro. "Gawo, ɗan albarka!"

Kowa ya san gawo da rani yake ganye, damina na sauka ya kakkaɓe ya tsaya tsirara. Yaya da ke sayen 'ya'yansa buhu-buhu yana ba raguna ya fi kowa sani. Gawon nan kuwa mun gan shi sarai, ƙato, ya yi sama da rassansa fari fat a tsakiyar wata gona, mun wuce shi ya fi a ƙirga. Har na ce a raina ga itacen girki an bari a banza. Inuwa muke nema, shi ya sa ba wanda ya dube shi sau biyu. Baba bai taɓa ganin wurin nan da damina ba, mu kuma ba mu tambaye shi ba.

Muka bar mota muka kutsa cikin dawa, Yaya a gaba yana buɗe hanya, Baba a tsakiya ya tattare babbar riga, ni a baya takalmina na maƙalewa a taɓo. Muna isa gindin gawon sai dawa ta ƙare, ga wani shimfiɗaɗɗen dutse, a kansa kuma wani ƙaton dutsen ya hau ya zauna, ƙarƙashinsa da ɗan sarari. A gefensa akwai wasu 'yan ramuka a jere, sun yi sumul kamar cikin ludayi.

Yaya ya riga kowa ɗaukar dutse ya ƙwala a saman. Ƙwas! Ƙarar dutse dai da kowa ya sani. Baba ya ce, "Uwata, gaya mashi ba a nan ake bugu ba, ba goro yake fasawa ba." Ya karɓi dutsen, ya durƙusa da ƙyar, ya saita shi a cikin ɗaya daga cikin ramukan, ya buga.

Wata ƙara ce ta fito siririya mai tsawo, irin ta kugen ƙarfe, ta ratsa gonar ta daɗe ba ta mutu ba. Ya buga rami na biyu, murya ta sauka ƙasa. Na uku ya fi su zaƙi. Sai ya ɗauki wani dutsen a hannun hagu ya haɗa su, ya fara wani kiɗa mai tsalle-tsalle, kansa na rausaya, hula ta karkace. Ni ina dariya ina kuka, na rasa wanne zan bari.

Kiɗan ne ya jawo mai gonar, ya fito daga cikin dawa da fartanya a kafaɗa yana shirin korar yara, sai ya ga tsoho da babbar riga. Bayan an gaisa ya ce shi barkono yake shanyawa a kan dutsen, amma kakarsa ta taɓa gaya masa cewa 'yan matan ƙauyen da ke nan da, wanda yanzu ya zama kufai, sukan zo su buga shi in za a yi bikin ɗayarsu.

Baba ya ce, "Ba ta yi maka ƙarya ba." Ya zauna a kan dutsen yana haki, ya nuna gindin gawon. Ya ce a nan yake kwance wata rana da jakunansa sai ga 'yan mata sun zo da amarya. Wadda ta fi su iya bugu wata 'yar siririya ce mai wushirya. Tana fara kiɗa wani jakinsa ya firgita ya watsar da auduga, ya bi shi da gudu ya faɗi, ita kuwa ta yi ta dariya har ta kasa bugun. "Ita ce uwarku. Tana da rai ba ni iya ba ku labarin nan, kunya za ta ji, ta hana ni tuwo. Da ta tahi kuma sai na ga in ban hwaɗa ba, ba mai hwaɗa."

Yaya ya durƙusa a gabansa cikin taɓo ya ce, "Baba, ka yafe mini." Baba ya kawar da kai ya ce, "Uwata, gaya ma direban nan ya tashi, zai ɓata wando, kuma ba ni ke saya mashi wani ba." Daga nan Yaya ya karɓi duwatsun, ƙaton mutum da tumbinsa, ya yi ta bugu kamar yaro, ni ina ɗauka a waya. Kiɗan nasa ko kusa bai yi daɗi ba, kuma na gaya masa. Mai gonar ya kakkaryo mana masara daga wata gonarsa, ya rako mu har mota.

Komawa gida

Ta hanyar da muka zo muka koma. A Malumfashi muka tsaya na kunna wa Gwaggo kiɗan, ta saurara sau biyu tana tafa hannu tana cewa ashe haka yayanta ya yi ta ɓoye musu. A kukar Bakori Yaya da kansa ya tsaya ba wanda ya ce masa, ya sa Malam Ado ya ƙara wa tayoyi iska alhali ba abin da ya same su. Rana ba ta faɗi ba muka hango dutsen Funtuwa, Baba ya ce in gaya wa direba ya ƙara sauri, ko jaki ya san nan gida ne.

Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Ina gode wa Gwaggo Talatu da zakaranta, da Malam Ado, da dattijon Gozaki, da mai gonar da muka tattake wa dawa bai yi mana faɗa ba. Wanda duk zai je neman wurin nan, shawarata ya bari sai an girbe, in kuwa ya ƙi, to ya nemi itaciyar da ba ta da ganye.

Baba ko cikin gida bai shiga ba, a kan dakali ya zauna. Jikoki suka kewaye shi, ya fara tun daga ƙudan zuma har jakin da ya watsar da auduga, yana yi yana kwaikwayon kukansa. Da ya gama sai ya ciro mabuɗin ya miƙo mini. Yaya ya ce a'a, wallahi an bar wannan magana. Baba ya ce, "Yau sunan gawo ya ɓace mani, jiya na nemi mamaci. Ban san abin da zai ɓace gobe ba. Yana iya yin shiru ɗazu ya karɓa, bai yi ba. Ku shaida ni na ba da, da hannuna, da hankalina, ba karɓewa aka yi ba." Yaya ya karɓa da hannu biyu, ya ce amma ba zai buɗe sito ba sai ya zo ya tambaya. Baba ya ce wannan kuma dole ne.

Sai wata 'yar jikarsa mai bakin tsiya, wadda suka saba wasa, ta ja masa riga ta ce, "Kai tsoho, da gaske dutse na kiɗa, ko dai ka fara?"

Baba ya nuna Yaya da sanda ya ce, "Tambayi Lawal. Yana wurin."

Duk muka dubi juna, don ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinsa. Har yau ban sani ba ko mantuwa ce ko da gangan ya yi. Yaya dai ya juya ya nufi mota wai zai sauke kuɓewar Gwaggo, ya daɗe a bayan motar bai sauke komai ba.